Kaset ɗin da na tsinta a akwatin Goggo

Ni fa bargo na je nema. Sanyin Gadarif, nan gabashin Sudan, na watan 1 ba wani abin a zo a gani bane ga mai kwana a ɗaki, amma mu da muke kwana a rakuba, wato rumfar tsakar gida, tunda ɗakunan Goggo duk sun cika da dangin da yaƙi ya koro, da asuba sai kaji haƙoranka na haɗuwa. Goggo tace in jawo akwatin ƙarfen nan nata na ƙarƙashin angarib, gadon igiya kenan, wanda tun ina ƙarama ban taɓa ganin an buɗe shi ba sai in za'a ɗauko kayan aure ko likkafani, tace akwai tsohon bargo can ƙasa. Na ɗaga atamfofi, na ɗaga wani ƙullin turaren wuta da ya daskare, sai ga wata yarinya tana kallona ta cikin kwalin kaset, ta sha jan baki har ya wuce iyaka, an naɗa mata tob, wato laffaya, wanda ya fi ƙarfinta, ta tallafe haɓa da hannu yadda mai hoto yace tayi. Ni ce. Shekarata 16 a lokacin.

Nayi maza na cusa shi cikin riga kamar wadda ta yi sata. Goggo tana kan dadduma tana jan carbi, ko juyowa batayi ba tace "ki bi shi a hankali ɗiyata, shi kaɗai ya rage." Ashe tana sane ta aike ni.

Yawancinku baku sanni ba, don ba wata shahara nayi ta ƙasa baki ɗaya ba, amma tsakanin 2003 da 2008 in ana biki a unguwannin Hausawa na kudancin Khartum, Mayo da kewaye, har Umbadda can Omdurman, da wuya a tashi ba'a nemi ni ba. A Mayo aka haife ni. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa za su hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya tsinkar auduga a Jazira, daga nan zama ya kama, labarin gidaje da yawa kenan a nan. Na fara ne a daren ƙunshi, ina shekara 14, mai waƙar da aka kira bata zo ba, mata suka gasa dalluka, gangar biki ta mata, a bakin wuta fatar ta ɗaure, aka ce wa za ta ja mana, ƙawayena suka turo ni gaba. Abinda ya jawo min kasuwa shine ina haɗa harshe biyu, in ɗauki kiɗan tumtum na nan Sudan in ɗora masa baitin Hausa, tsofaffi su ji nasu 'yan mata su ji nasu. Lokacin kasakasan waƙoƙin fina-finan Kano suna shigo mana ta hannun 'yan kasuwa da masu dawowa daga Saudiyya, samari kuma ba wanda suke ji sai mawaƙi Mahmud Abdul'aziz, kowace raksha, wato keke mai ƙafa uku na haya, shi ne a ciki, to ni a tsakanin waɗannan biyun na tashi. Daga baya wani yaro mai org ya haɗu damu, abinda 'yan Najeriya ke ce wa fiyano, Yamaha ce tsohuwa da aka ɗaure gefenta da waya, sai muka zama ƙungiya, ni da shi da 'yan amshi uku da Yayata wadda ita ce mai rakiya, ita ce mai tsince liƙi, ita ce mai faɗa da uwar biki in an rage kuɗi.

Duk yarinyar da ta ɗauki waƙa a cikinmu sai an kira mata sunan Aisha Falatiya, masu yabo su kira masu zagi su kira. A Kasala aka haife ta a 1905, iyayenta daga Sakkwato suka zo a kan hanyar hajji, ubanta malami ne mai makarantar allo, ta fara waƙar biki tana shekara 14, a 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, ta rasu a 1974. Na haddace wannan tarihin kamar karatun allo don shi ne makamina. Rannan na kawo wa Baba shi, nace Baba ita ma fa ubanta malami ne. Yace "haka ne, kuma aure ya yi mata don ta bari." Nace ai bata bari ba. Ban ci tuwon dare a gidan ba ranar, gidan maƙwabta na kwana.

Kaset ɗin a watan 7 na 2005 muka yi shi, a wani ɗan situdiyo bayan kasuwar Omdurman da aka manna katifun soso a bango, waƙa 8 cikin kwana biyu, ba fanka don kada ƙararta ta shiga, muna fitowa kamar an tsamo mu daga kogi. An shirya zai fito farkon watan 8, sai jirgin John Garang, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, ya faɗi ranar 30 ga watan 7, ranar Litinin 1 ga wata gari ya hargitse, aka sa dokar hana fita, wa yake ta biki balle kaset. Sai bayan makonni ya shiga kasuwa, kuma ya tafi, don har daga Damazin da Kasala ana kawo min labarin an ji ni a shagon mai shayi. Ni dai abinda na gani a hannuna bai taka kara ya karya ba. Zan dawo kan wannan.

Wannan kenan tarihi. Namu kwafin kaset ɗin da hotuna da kayan fitar biki na duk suna gidanmu na Mayo da muka rufe a watan 5 na 2023 muka ce sati biyu za mu yi a Madani mu dawo. A watan 12 Madani ma ta faɗi muka yo nan. Wanda ya leƙa gidan daga baya yace ko ƙofar banɗaki ba'a bari ba.

Kwana uku kaset ɗin yana ƙarƙashin matashina ban gaya wa kowa ba. A na huɗu na fara tambayar wa ke da musajjal, rediyo mai cin kaset kenan, kuma a nan na gane na tsufa, don wata 'yar maƙwabta ta tambaye ni ko wani irin caja ne. Aka ce min wani direban lori mai ɗaukar riɗi yana da shi a motarsa, har na sa mayafi, jikan Goggo, yaro ne ɗan jami'a da yaƙi ya zaunar a gida, yace "Anti kada ki soma, na mota in ya kama zaren tauna shi zai yi, kuma ba ki da wani." Allah ya yi masa albarka, da yanzu wani labarin nake baku. Shi ya kai ni wajen wani tsoho mai gyaran rediyo a cikin kasuwa, can layin masu tsofaffin kaya, Bahaushe ne, shagon nasa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, rediyoyi matattu tun daga ƙasa har rufi.

Na gaishe shi na miƙa masa. Ya sa tabarau ya kalli hoton, ya kalle ni, ya sake kallon hoton, bai ce komai ba, kuma wallahi na ji daɗin shirun nan. Abu na farko da ya duba shine saman kaset ɗin, ƙananan ramuka biyu na gefe da gefe, yace in 'yan haƙoran nan suna nan to hannu zai iya kuskurewa ya danna jan maɓalli a goge komai, nawa a karye suke tun daga kamfani don haka lafiya. Sai ya ɗaga shi a rana yana leƙen 'yar tagar tsakiya. Yace "'yata, akwai fumfuna kaɗan a gefen zaren, damina ashirin ba wasa ba, sannan sosonsa ya faɗi." Ashe akwai wani ɗan soso ƙarami kamar ƙwayar wake a bakin kaset, a kan ɗan ƙarfe, shi yake danna zaren ya manne da hed ɗin rediyo, in babu shi murya sai ta fito kamar ana magana cikin tulu. Nawa yana yawo a ciki, in ka girgiza kana jinsa.

Yace in dawo jibi, nace Baba a gabana za'a yi, ko kwana zan yi a nan. Yayi dariya ya turo min benci.

Ya ɗauko wani kaset na wa'azi da ba'a so, ya kwance notinansa guda biyar, ya zare zaren ciki ya ajiye gefe, sannan ya buɗe nawa a kan farar takarda, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, ya ɗauke 'yan tayoyin biyu da zarensu ya mayar cikin wancan gidan mai lafiyayyen soso. Yana yi yana min bayani ba tare da ya ɗago ba, kada yatsa ya taɓa fuskar zaren, kada a kusantar da shi da lasifika don akwai maganaɗisu a bayanta. Da ya rufe sai ya zura biro irin mai kusurwa shida ɗin nan a ramin ya fara juyawa da hannu, tun daga farko har ƙarshe, yana riƙe da ɗan ƙyalle mai laushi yana shafar gefen da ya yi fumfuna. Nan ne zuciyata ta tsinke, don ana cikin juyawa sai naji biron ya yi sakayau, zaren ya tsinke kusa da farko, wajen da baƙin ya haɗu da farin. Na ce innalillahi da ƙarfi har mai shagon gefe ya leƙo. Tsohon ko a jikinsa, ya ɗora bakin biyu ɗaya kan ɗaya ya yanka su tare da reza a karkace, ya yanko salatif siriri bai kai faɗin zaren ba, ya manna ta baya, ta gefen da ba ya taɓa hed. Yace "kin yi asarar numfashi ɗaya, bai kai ga waƙa ba."

Saura rediyon. Wata National ce babba mai lasifika biyu ya sauko da ita, ya danna ba ta juya, ya buɗe bayanta sai ga bel ɗin robar ya narke ya zama kamar kwalta, ya manne a jikin ƙarfe. Kusan awa ɗaya yana kankarewa da sifirit da auduga a tsinke. Jikan Goggo yace a sa robar ɗaure kuɗi mana, tsohon ya harare shi yace da ita murya za ta riƙa rawa kamar mai jin sanyi, ya shiga tono cikin matattun rediyoyinsa har ya samo bel ɗin da ya yi daidai. Ya goge hed, ya goge 'yar baƙar tayar da ke jan zare, audugar tana fitowa ja-ja kamar tsatsa. Bai fara da nawa ba, sai da ya gwada da wani kaset aka ga bata tauna ba.

Sai ya sa nawa ya danna.

Shuuuu, sannan org ɗin nan ya shigo da gangarsa ta ƙarya, sannan wata murya siririya, tsit, kamar ta 'yar firamare. Nace Baba tsaya, rediyon tana gudu da yawa, wannan ba muryata bace, ta tsuke. Ni a kaina muryar da nake tunawa mai kauri ce, wadda take cika fili ba lasifika. Yace to, ya cire, ya sa karatun Shehu Abdulbasit wanda ba wanda bai san amonsa ba, ya fito daidai, ba sama ba ƙasa. Jikan Goggo ya duba a waya yace zaren kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, kuma irin nawa mai minti 60 kowane gefe wajen minti 30 ne, mu sa agogo mu gani. Muka sa da wani kaset ɗin, ya cika minti 30 da 'yan kai. Na dai nace ni ban yarda ba. Tsohon ya cire tabarau yace "'yata, rediyo lafiyarta ƙalau, ke ce kike yarinya."

Ban san me yasa wannan maganar ta kama ni ba, na ja mayafi na rufe fuska a tsakiyar kasuwa. Shekara 20 ina jin haushin yarinyar nan, ina ganin babba ce da ta san abinda take yi ta jawo wa gidansu magana, ashe ko muryarta bata gama nuna ba, kuma haka muke hawa mota mu tafi unguwar da bamu sani ba mu dawo tsakar dare.

Toh, yanzu yadda za'a fitar da ita daga kaset zuwa waya, don tsohon yace kada in riƙa kunna shi ana nanatawa, duk juyi ɗaya yana cin zaren. Ya ba mu aron rediyon muka kai gida. Dabarar farko tawa ce kuma bata yi ba, na kara wayata a bakin lasifika na danna rikodin, da muka saurara akwai zakaran Goggo a ciki, akwai raksha, akwai wata jaririya, akwai ni kaina ina cewa ku yi shiru mana. Sai yaron yace a bar masa. Ya samo waya mai kai biyu irin na iyafis, ɗaya a ramin iyafis na rediyon ɗaya a laftof ɗinsa, nan ma aka samu cikas don laftof ɗin rami ɗaya gare shi na ji da magana a haɗe, bai karɓa ba, sai da muka koma kasuwa wajen masu waya muka sayo wani ɗan abu kamar filash da ake sawa a ramin USB mai ramuka biyu. Manhajar da yayi aiki da ita Audacity ce, kyauta ake sauke ta, amma da shabakar da muke da ita, wato intanet, sai da ya kwana yana jira.

Abinda na koya, ko wani zai amfana. Ba'a ƙure ƙarar rediyon, ƙasa-ƙasa ake farawa ana kallon layin nan mai motsi a kwamfuta, in ya taɓa ja to murya za ta fashe kuma ba gyara. Sannan ba'a gaggawa, kaset ɗin minti 60 sai ka zauna minti 60, ba kamar tura waƙa daga waya zuwa waya ba. A gwajin farko akwai wani ƙugi a ƙasan waƙar, uuuum, kamar injin niƙa daga nesa, muka rasa daga ina, ashe daga wutar lantarki ne, da ya zare cajar laftof ɗin muka sa wa rediyon manyan batira shida sai ya ɗauke ɗif. Kuma hakan ya taimake mu don ana tsakiyar gefen farko kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, yadda ta saba, mu ko a jikinmu. Da ƙarfe ɗaya na dare muka yi lokacin gida yayi tsit, ni da shi a kicin da tocila, a satin nan ne ma aka ce sojoji sun koma Madani, da rana gari ba'a jin komai sai guɗa da hon.

Ya adana shi iri biyu. Na farko babba wanda ba'a taɓa ba, WAV yake ce masa, minti ɗaya wajen mega 10, duka kaset ɗin ya tasam ma mega 600, na biyu mp3 wanda minti ɗaya bai fi mega ɗaya ba, shi ne na turawa a WhatsApp. Nace me za mu yi da babban yana cin wuri, a goge, yace a'a Anti shi ne uwa, in an ɓata ƙananan daga shi za'a sake haifa. Nan ma ya fi ni gaskiya.

Don washegari ya kawo min aikin da yayi shi kaɗai yana ta murna, ya wanke shuuu ɗin nan tas, ya yanka waƙoƙin ɗaya-ɗaya ya sa musu lamba. Na sa a kunne. Tsaf, amma tafin 'yan amshi ya koma kamar ana buga ledar ruwa, muryar kuma kamar daga cikin rijiya, ya matsa wankin da yawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Da waƙa ta 4 ta ƙare sai ta 5 ta shigo kai tsaye, naji wani abu ya ɓace. Nace ina maganar? Yace wace magana, ai surutu ne da aka manta ba'a yanke ba, na cire miki.

A ƙarshen gefen farko, bayan waƙa ta 4, mai situdiyon bai yanke da wuri ba, ana jin kujera ta motsa sannan muryar Yaya daga nesa tana cewa "ke, kin cinye baiti, sha ruwa ki sake." Ba'a sake ɗin ba don lokacin da muka biya ya ƙare, kuma haka aka buga shi aka sayar da maganar a ciki. A 2005 ba abinda na tsana kamar daƙiƙa biyar ɗin nan, yara suna bina a layi suna sha ruwa ki sake, sha ruwa ki sake. Nace wa yaron ya dawo min da ita, da shuuu ɗin, da komai, yadda yake.

Tunda na ce zan dawo kan kuɗi. Ni ƙarama ce a lokacin don haka Yaya ce ta sa hannu a takardar mai kamfanin kaset, kuma sayarwa aka yi gaba ɗaya, biya ɗaya, ko ya buga dubu ko ya buga dubu ɗari ba ruwanmu. Zamanin dinari ne, kafin a dawo da jine, wato fam ɗin Sudan, a 2007, kuma mutane bakinsu bai bar lissafi da tsohon jine ba, sai adadin ya yi girma a baki, in ka ƙirga a hannu ba komai. Kuɗin kwanon rufin ɗakin Inna aka saya dasu, na sani, na ga kwanon, na kwana a ƙarƙashinsa. Amma da naga kaset yana tafiya ana kwafarsa a kowane kiyos ni ko sisi, sai zuciya ta ɗebe ni. Ga kuma abinda ya biyo baya, dokar Khartum ta lokacin biki ƙarfe 11 na dare yake tashi, dokar da sai a ƙarshen 2019 aka soke ta, wani dare a 2008 uwar ango ta yi ta roƙo a ƙara waƙa ɗaya, muka ƙara uku, aka zo aka kwashe org da lasifika da mu. Baba ne ya zo da asuba da rawaninsa ya sa hannu cewa ba zan ƙara ba. Bai zage ni ba, bai ce min komai ba har gida, da ma duka yayi. A daren nan na juye komai a kan Yaya, nace ita ta sayar dani, ta ci kuɗina, ta bar ni da sunan banza. Magana zarar bunu. Na bar waƙa, a 2009 nayi aure, ita kuma ta bi mijinta Jidda, tun daga nan gaisuwar sallah ce tsakaninmu da ta mutuwa, ko da yaƙin nan ta turo mana kuɗi sau uku ta hannun Goggo ne, ba ta hannuna ba.

Na mayar wa tsohon rediyonsa. Yaƙi karɓar kuɗin aiki, yace in biya bel da sifirit kawai, kuma ko su ɗin ba tsabar kuɗi a hannuna saboda canjin takardun 500 da 1000 da aka fara a watan 12 na 2024 ya sa kuɗi sun yi wuya a gari, sai ta Bankak, manhajar banki ta waya, na tura wa jikansa don shi wayarsa mai tocila ce. Da zan tafi yace a sa masa waƙa ta 2 a memori, wai matarsa marigayiya tana sonta. Kenan tun ranar farko ya gane ni.

Maigidana yana Port Sudan yana aiki, na kira na gaya masa, yayi shiru sannan yace ba matsala amma banda Facebook da TikTok. Ni ma ban yi niyya ba, ga 'ya ta kai shekara 14, ga takardar nan da aka sa wa hannu ko da yake kamfanin ya daɗe da mutuwa. Mutum huɗu kacal na tura wa. Kwana tara bayan nan wata ƙawata da ke Kasala ta turo min waƙa ta 3 daga wani guruf, an manna mata hoton wata mata da ban taɓa gani ba an rubuta tsohuwar zuma, tana tambayata wai wannan ba ke bace? Har yanzu ban san wanne cikin huɗun ba, ina zargin Goggo duk da bata iya karatun waya ba, tana da 'yan aike. 'Yata kuwa da ta ji cewa tayi kiɗan kamar ringin tsohuwar Nokia, ta yi dariya har da hawaye, amma na ga ta tura wa kanta ta ɓoye a wata folda.

Ita Yaya sai da na yi sati ina rubutawa ina gogewa. A ƙarshe ban rubuta komai ba, na sa yaron ya yanko min daga tsakiyar waƙa ta 4 har zuwa ƙarshen maganarta, na tura haka nan bayan isha'i. Alama ta nuna ta buɗe nan take. Shiru. Na kwana ina duba waya, na tashi sallar asuba ba komai, na haɗa wa Goggo jabana, gahawarta kenan, ba komai, sai wajen ƙarfe 10 ina tsakiyar yin kisra, irin sinasir ɗinmu na nan, hannuna duk ƙullu saƙon murya ya shigo, daƙiƙa 19, na danna da gwiwar hannu. Ana jin ƙarar AC a bayanta, ta yi gyaran murya sau biyu, muryarta ta yi kauri irin ta Inna.

Tace "Na ji. Har yanzu dai baitin a cinye yake, cewa za ki yi ruwan Nilu sannan ki ce na gida, ke kuma kika tsallake. Turo min sauran bakwai ɗin, kada ki yanke komai. Kuma Goggo tace a rakuba kuke kwana, me yasa baki faɗa min ba, akwai mai zuwa ta Sawakin ranar Alhamis, bargo nawa kuke so?"

Kisrar da ke kan wuta ta ƙone. Na goge hannu a zani na ƙirga mu, mu shida ne a rakubar, na rubuta mata shida.